Jagorar Jinyar Doguwar Cuta a Gida: Yadda Dangi da Unguwa Za Su Tallafi Mai Cutar HIV da Sauran Majinyata a Gombe

A jihar Gombe, kamar sauran sassan Arewa, mai doguwar cuta yakan yi mafi yawan kwanakin jinyarsa ne a ɗakinsa na gida. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da manyan asibitocin Kaltungo, Bajoga, Billiri da Dukku, sukan karɓi mutum su yi masa abin da ya sawwaƙa, sannan su sallame shi da ledar magani da ranar dawowa. Abin da zai faru tsakanin sallama da dawowa yana hannun mutanen gida, kuma sau da yawa nauyin gaba ɗaya yakan faɗa kan mace guda, matar majinyacin ko mahaifiyarsa ko 'yarsa, wadda ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata yadda ake juya marar lafiya ko yadda ake gane cewa ciwo ya fi ƙarfin gida. Domin ita aka rubuta wannan jagora, da kuma dangi da maƙwabta da shugabannin unguwa waɗanda ya wajaba su kama mata.

Jinyar sauƙaƙa raɗaɗi ita ce kula da mutumin da ke fama da cuta mai daɗewa ko wadda ba ta warkewa, ta yadda za a rage masa zafin ciwo da wahalhalun da ke biyo bayansa, ko da ba za a iya raba shi da cutar ba. Likitar nan ta Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta fito da cewa raɗaɗin majinyaci ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai na rashin abin hannu da tunanin iyali, akwai kuma na tsakaninsa da Mahaliccinsa. A nahiyarmu, Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, ta nuna cewa ana iya yin wannan aiki a gidajen talakawa da ruwan mofin mai araha, wato wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. A 2014 kuma Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sai an yanke ƙauna ake shiga irin wannan jinya. Ba haka ba ne, tana farawa tun ranar da aka gano cutar, tana tafiya tare da maganin asibiti. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar HIV, jimillar masu ita kuma ta kai kimanin miliyan 1.9. Tun 2016 ƙasar ta koma tsarin fara bai wa mutum magani da zarar gwaji ya tabbatar, kuma wanda ya riƙe maganinsa da kyau yana noma, yana kasuwa, yana aure da haihuwa kamar kowa. Waɗanda suka fi buƙatar jinyar gida su ne waɗanda suka zo asibiti a makare, da waɗanda suka daina shan magani jiki ya sake rikicewa, da waɗanda tarin fuka ko ciwon daji ko ciwon ƙoda ya haɗu musu da ita. Abin da za a bayyana a nan ya shafi mai shanyewar ɓarin jiki da mai ciwon suga da mai ciwon hanta da mai sikila, domin aikin mai jinya kusan ɗaya ne.

Mataki na farko: a nemi iznin mai ciwon

Kafin a kira taron dangi, a zauna da majinyacin shi kaɗai, a tambaye shi wa yake so ya san halin da yake ciki, kuma iya ina yake so a sani. Wannan ya fi muhimmanci ga mai HIV, domin kalma ɗaya da ta fita daga bakin da ba shi da linzami tana iya kashe aure, ta kori masu ciniki daga shago, ta sa yara su rasa abokan wasa. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda cutar, ta kuma haramta fallasa sakamakonsa ba da yardarsa ba, amma kafin doka ta iso unguwa an riga an yi ɓarna. Maƙwabci ba ya buƙatar sanin sunan cuta kafin ya kawo ruwa ko ya kai mutum asibiti. Ya isa a ce masa jinya ce mai tsawo.

Duk da haka, lallai ne a samu mutum ɗaya amintacce da ya san komai, wanda zai raka shi asibiti ya kuma tuna masa magani. Matar aure ko miji kuwa suna da haƙƙin kare lafiyarsu, don haka a lallashi majinyacin ya faɗa, idan bakinsa ya yi nauyi sai a nemi mai ba da shawara na asibiti ya zaunar da su tare, a yi wa ɗayan gwaji, a kuma gwada 'ya'yan da uwa mai cutar ta haifa.

Mataki na biyu: a raba aikin, a rubuta shi

Jinyar wata da watanni aikin gayya ce, kuma gayyar da ba a raba kunya-kunya ba kowa yakan tsaya ne yana jiran ɗan'uwansa. A tara mutum uku zuwa biyar daga dangi da maƙwabta, a faɗi aikin kowa da sunansa: mai kwana da majinyaci a ranaku kaza, mai girki, mai wanki da ɗibar ruwa, mai kai shi asibiti, mai riƙe kuɗi. Kada a bar maza a baya da sunan jinya aikin mata ce, domin ɗaga babban mutum zuwa banɗaki da yi wa dattijo wanka aiki ne da ya fi dacewa da 'ya'yansa maza da ƙannensa, ga ƙarfi ga kuma sutura.

A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta a ajiye kusa da shimfiɗa. A shafin farko a rubuta sunayen magunguna da lokacin shansu, da lambar katin asibiti, da lambar wayar nas ko ma'aikacin lafiyar da ke kula da shi, da lambar mai Keke Napep ko mai motar da aka yi yarjejeniya da shi zai zo ko da tsakar dare ne. A sauran shafuka, kowace rana a rubuta abin da ya ci, sau nawa ya yi fitsari da bayan gida, ko ya yi zazzaɓi, da yadda ciwo ya kasance. Ko da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Likitan da aka miƙa wa irin wannan littafi yakan gane cikin minti biyu abin da zai ɗauki rabin sa'a yana tambaya bai samu ba.

Mataki na uku: maganin yau da kullum

Yawancin manya masu HIV a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. A zaɓi lokaci ɗaya a ɗaure shi da abin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar isha ko lokacin kwanciya. Idan an manta, a sha da zarar an tuna, amma kada a haɗa biyu a lokaci guda. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na ƙwannafi, suna hana jiki tsotse dolutegravir, saboda haka a sha TLD sa'a 2 kafin su ko sa'a 6 bayansu. Idan an fara maganin tarin fuka, likita yakan ƙara ƙwayar dolutegravir ta biyu a rana, kuma mai shan metformin na ciwon suga ya sanar da likita don a daidaita masa. Septrin da ake haɗawa da maganin HIV yana kare mutum daga wasu cututtukan huhu da gudawa, kada a raina shi. A ajiye magani a inuwa, nesa da taga da rufin kwano, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Wata 6 bayan fara magani ana auna yawan ƙwayar cutar a jini, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, mutum ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma wannan albishir ne da ya kamata kowane mai jinya ya riƙa maimaita wa majinyacinsa. Idan ta haura 1,000 a kowace mililita ta jini, alama ce ta tsallake magani ko maganin ya daina aiki, sai a koma a zauna da ma'aikata ba tare da ɓoye musu gaskiya ba. Girgizar da aka shiga a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ta nuna cewa bai kamata a jira sai kwalba ta ƙare ba. A je karɓo magani saura mako biyu, kuma wanda jikinsa ya daidaita ya nemi a ba shi na wata 3 ko 6 don rage kuɗin mota. Kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada kuma miji da mata su riƙa cin kwalba ɗaya alhali ɗayansu bai yi rajista ba.

Mataki na huɗu: raɗaɗi

A nan ne aka fi zaluntar majinyata ba da gangan ba. An tarbiyyantar da mu, Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da sauranmu, a kan cewa babba ba ya raki, shi ya sa dattijon da ya kwana yana juyi idan aka ce masa yaya jiki sai ya ce da sauƙi, a rabu a haka. Mai jinya ya sauya tambayar: "Baffa, ina ne yake maka ciwo? Suka yake yi ko zafi kamar wuta? Ya bar ka ka runtsa jiya?" Sannan a nuna masa hannu, a ce idan dunƙulallen hannu yana nufin babu ciwo, yatsu biyar kuma ciwon da ba a iya jurewa, yatsu nawa ne yau? A rubuta amsar safe da yamma. Ga wanda ba ya iya magana sai a duba fuska, da nishi, da yadda yake ƙanƙame jiki idan an taɓa shi.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara hawa uku na maganin ciwo. Na farko farasitamol, ga babba ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk sa'a 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da dare, kuma ramamme ko mai ciwon hanta ƙasa da haka ake ba shi bisa umarnin likita. Ibuprofen da diclofenac, da gaurayen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis, suna iya lalata ƙoda su kuma huda ciki, haɗarin ya fi yawa ga mai shan tenofovir da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, don haka kada a saye su da ka. Hawa na biyu shi ne kodin ko tiramadol, na uku kuma mofin, kuma dukansu likita ne yake rubutawa.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, ciwon da ba ya ɗaukewa ana ba shi magani ne da agogo, ba a jira sai mutum ya fara kuka. Ruwan mofin na sha ana bayar da shi duk sa'a 4, domin iya lokacin da yake aiki ke nan, kuma idan aka bari ciwo ya dawo da ƙarfinsa sai an sha wahala kafin ya sake kwanciya. A kwanakin farko yana iya kawo gyangyaɗi da tashin zuciya, waɗannan sukan wuce. Taurin bayan gida kuwa ba ya wucewa, saboda haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko, a kuma yawaita ruwa da gwanda da ganye. Na san yadda ɓarnar da shaye-shayen tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ta sa iyalai da ma wasu ma'aikatan lafiya suna tsoron waɗannan magunguna. Tsoron yana da dalili, amma bai halatta a bar mai ciwon daji yana birgima ba. Mofin da aka auna daidai da ciwo, ana sha ta baki bisa kulawar likita, ba ya gaggauta ajali. Abin da ya wajaba shi ne a kulle shi a akwati, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, a rubuta duk awon da aka bayar. Idan likitan ƙaramin asibiti ba shi da shi, a roƙe shi takardar turawa zuwa babban asibiti.

Akwai wani ciwo na daban, wato zafi da tsira kamar allura a tafin ƙafa, wanda yake damun masu HIV da masu ciwon suga da masu shan isoniazid, ɗaya daga magungunan tarin fuka. Wannan ciwon jijiya ne, farasitamol ba ya yi masa komai. A faɗa wa likita yadda yake, akwai magunguna irin su amitriptyline, kuma mai shan isoniazid ana haɗa masa da bitamin B6.

Mataki na biyar: kula da jikin da ya kwanta

Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk sa'a 2, dama, baya, hagu, har da dare gwargwadon iko. Gyambon kwanciya yakan fara ne da wuri mai duhu ko ja wanda ba ya washewa, a ƙugu da ƙashin gindi da dunduniya da kafaɗa, saboda haka a duba waɗannan wurare kullum lokacin wanka. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin sangali don dunduniya ta tashi daga katifa. A shimfiɗa leda a kan katifa, a rufe ta da zanen auduga mai laushi, kada fata ta taɓa leda, kuma a sauya zane da zarar ya jiƙe. Wajen matsar da shi mutum biyu su ɗaga shi da zanen, domin jan jiki a kan shimfiɗa yana saɓule fata. Bayan wanka a tsane jiki da kyau a shafa man kaɗe ko basilin. Idan gyambo ya riga ya buɗe, a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce mai ɗan gishiri, a rufe da ƙyalle mai tsafta, a nuna wa nas. Kada a zuba toka ko garin magani ko man juye. Idan yana wari, nas tana iya koya wa mai jinya yadda ake daka ƙwayar metronidazole a barbaɗa, kuma wannan yakan kashe warin da ke korar 'yan dubiya ya kuma sa majinyaci jin kunyar kansa.

Baki yana buƙatar kulawa kamar sauran jiki. A wanke shi da buroshi mai laushi ko ƙyalle bayan kowane abinci, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Farin abu kamar dusar nono a harshe da dasashi, tare da zafi wajen haɗiya, cuta ce mai magani a asibiti, kuma sau da yawa ita ce take hana mutum ci har ya rame.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi babban kwano sau biyu. Kunun gyaɗa, da kunun haɗin gero da waken soya da gyaɗa, da faten wake, da dafaffen ƙwai, da awara, da kwaɗon zogale, da tuwo mai laushi da miyar kuka, duk abin da ke kasuwarmu ne kuma suna gina jiki. Nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauke da cuta, a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi kindirmo, ruwan sha ma a tafasa. Mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda suna da nasu ƙa'idojin, a tambaya kafin a ba su abin da ake bai wa kowa. A zaunar da majinyaci kafin a ba shi ci ko sha, a bar shi a zaune rabin sa'a bayan haka, musamman mai shanyewar ɓarin jiki da yake saurin ƙwarewa. Idan gudawa ta zo, a jiƙa fakitin gishiri da suga na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, idan babu sai a haɗa ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi.

Game da tsoron ɗaukar cuta, HIV ba ta bin kwano ko kofi ko buta ko gumi ko cizon sauro. A ci tare da shi, a riƙe hannunsa. Jini da ruwan gyambo ne ake sa safar hannu dominsu, idan babu safa sai a zura hannu a leda mai kyau. Inda jini ya zuba a wanke da Jik kashi 1 cikin ruwa kashi 6. Reza da buroshi da abin yankan farce kowa da nasa. Idan allurar da aka yi masa ta soki mai jinya, a wanke wurin da sabulu a tafi asibiti a ranar, domin akwai maganin kariya na kwana 28 wanda dole a fara shi kafin sa'a 72. Tarin fuka ne yake bin iska, don haka a buɗe tagogi, mai tari ya rufe baki, a kuma kai mutanen ɗakin a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Mataki na shida: sanin lokacin da gida ya gaza

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa kullum, tare da amai ko sanƙarewar wuya ko ruɗewa, ga mai HIV yana iya zama sanƙarau na naman gwari wanda yake kisa idan aka yi jinkiri. Haka nan numfashi da ƙyar, da jijjiga, da kasa tafiya ga wanda jiya yake takawa, da gudawa ko aman da ya hana ruwa zama, da yini guda babu fitsari, da ido ya koma rawaya, da ƙuraje masu saɓule fata da baki bayan fara sabon magani. Tari tare da zazzaɓi da gumin dare da rama kuwa, ko na kwana kaɗan ne, a kai majina gwaji, domin tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV, alhali maganinsa na wata 6 kyauta ne. Mai ciwon suga da ya fara gumi da karkarwa da sambatu, idan yana iya haɗiya a ba shi ruwan suga nan take sannan a nufi asibiti.

Mataki na bakwai: abin da unguwa za ta ɗauka

Maganin HIV da na tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, abin da ke cinye gida shi ne kuɗin mota, da gwaje-gwaje, da abinci, da ƙunzugun manya, da kuma sana'ar da ta tsaya. A bincika rajista da GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a kuma tambayi shugaban asibitin matakin farko na gunduma game da gurbin marasa galihu a ƙarƙashin asusun kula da lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Mai unguwa da liman da fasto suna iya ware wani abu daga zakka ko baikon coci, 'yan adashe su yarda a bai wa gidan jinya ɗauka kafin lokacinsu, matasa su nome masa gona da damina. 'Yan agaji da matan Islamiyya da Zumuntar Mata suna da hannaye da tsari, abin da suke buƙata shi ne a ba su aiki takamaimai. Ga mai HIV, ƙungiyoyin masu cutar da ke ƙarƙashin NEPWHAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu HIV ta ƙasa, suna haɗuwa a asibitoci da dama, kuma maganar wanda ya shekara goma yana shan magani yana cikin ƙoshin lafiya ta fi shiga zuciyar sabon majinyaci fiye da nasihar kowa.

Dubiya haƙƙi ce, amma tana buƙatar ladabi. A sa mata lokaci, kamar bayan la'asar, a shiga biyu-biyu, a taƙaita zama. Mai zuwa ya zo da sabulu ko ƙwai ko kuɗin mota, kada ya zo da tambayar wai me likita ya ce, kada kuma ya zo da jarkar maganin da aka ce ya warkar da wani a wani gari. Babu wani jiƙo ko sassaƙe da aka tabbatar yana kawar da HIV, wasu kuma suna ƙona hanta da ƙoda. A yi addu'a, a yi tofi, a karanta Littafi, amma duk wanda ya ce an warke a ajiye magani, dangi su taka masa burki ko wane ne shi.

Mataki na takwas: zuciya, ibada, da ita kanta mai jinyar

Addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya, sai dai da yawa ba a tuna musu. Wanda ruwa zai cutar ya yi taimama, wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe, kuma wanda ba a sa ran zai iya rama azumi akwai ciyarwa. Mai HIV da jikinsa ya yi ƙarfi yana iya azumi ya mayar da ƙwayarsa bayan buɗa baki, amma mai ciwon suga ko ƙoda ya nemi shawarar likita tun cikin Sha'aban. Kirista kuma a gayyato fasto ko dattawan coci su zo gida idan ya kasa zuwa sujada.

A riƙa shawara da majinyaci a kan al'amuran gida, kuɗin makarantar yara da auren da ke tafe da abin da za a shuka, domin mutumin da aka daina tambayarsa ra'ayi yakan ji an binne shi da rai. Idan ya daina magana da cin abinci, yana yawan kuka ko yana cewa gara ya mutu, a zauna a saurare shi ba tare da faɗa ba, a kuma sanar da ma'aikacin lafiya, domin ciwon damuwa yana da magani. Ita ma mai jinya a duba ta. A ba ta aƙalla yini ɗaya a mako ta fita, ta yi barci, ta je gidansu, kuma a riƙa tambayarta, "Adda, ke kin ci abinci kuwa?" Idan ta fara yawan fushi da mantuwa da ciwon baya, gajiya ce ta kai maƙura, a karɓe ta maimakon a zarge ta.

Idan tafiya ta zo kusa

Wani lokaci likita zai ce an kai inda magani ba zai mayar da lafiya ba. A ganina, ɓoye wa mutum mai hankali wannan labari tauye masa haƙƙi ne, domin yana da bashin da zai faɗa, da amanar da zai mayar, da wasiyyar da shari'a ta ba shi dama har sulusin dukiyarsa, da waɗanda yake so ya nemi gafararsu. A bi shi a hankali, a tambaye shi yadda yake ganin jikinsa, a amsa iya abin da ya tambaya, a kuma ji inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa. Dangi su daidaita a kan wannan tun da wuri, kada a sayar da gonar marayu a yi ta yawon asibitoci da wanda ya ce a bar shi a ɗakinsa.

A kwanakin ƙarshe barci yakan yawaita, ci da sha su ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Kada a yi masa ɗura, domin abincin yana iya bin hanyar iska. A riƙa jiƙa leɓɓansa da ƙyalle mai ruwa, a kwantar da shi a gefe, a ci gaba da maganin ciwo bisa yadda nas ta nuna ko da ba ya magana. A yi magana a gabansa kamar yana ji, a laƙƙana masa kalmar shahada a tausashe ba tare da matsa masa ba, Kirista kuma a yi masa addu'a da karatun da yake so.

Gawar mai HIV ana yi mata wanka da sutura kamar ta kowa, masu wanka su sa safar hannu kawai. Sirrinsa yana nan bayan rasuwarsa, ba abin faɗa ba ne a zaman makoki. Sauran mofin da magungunan da suka rage a mayar da su asibitin da aka karɓo su, a kuma sanar da su don a rufe katinsa. Idan matar da aka bari tana shan magani, takaba ba ta hana ta fita karɓarsa, malamai sun halatta fita don lalura, kuma idan an fi so wani amintacce ya karɓo mata da katinta. Idan akwai yaro mai cutar, kafin a watse daga sadakar uku a ambaci mutum ɗaya da sunansa wanda zai riƙe katin yaron, ya san awon maganinsa, ya kuma kai shi asibiti a ranar da aka rubuta, ko da riƙonsa ya koma wani gari, inda za a nemi takardar sauya asibiti kafin a tafi da shi.